Ranar da Na Girmi Kakana

A 1987 aka haife ni, kuma mahaifiyata na nan da ranta, ana iya tambayarta. Amma da aka kafe sunayen ma'aikata bayan tantancewa, sai na ga 1897 a gaban sunana. Yatsan mai buga kwamfuta ne ya yi tuntuɓe, takwas ta sha gaban tara. Ke nan a takarda zamanin Sarki Alu na zo duniya, ina ɗan shekara shida Turawa suka ci Kano a 1903. Na yi ta dariya, har na tuna cewa a aikin gwamnati da shekara 60 ake sallamar mutum.

Akawunmu ya ce in rubuta takardar koke da Turanci, ya ma faɗa mini kalmar da zan sa. Sai dai bakinsa cike yake da goro, ni kuma girman kai ya hana ni cewa ya maimaita. Abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne "fai" a ƙarshe.

Da dare na zauna rubutu, kalmomi biyu suka tsaya mini: "rectify" da "ratify". Ta farkon a bakin bakanike na san danginta, don sau biyu ina sayen rektifaya a babur ɗina, 'yar na'urar nan da ke juya wutar inji ta koma irin wadda batir ke sha. Na ce wannan kalmar 'yan gareji ce, duk baƙin mai, ba a kai ta teburin darakta. Ta biyun kuwa a labarai nake jin ta, tana yawo tsakanin majalisu da shugabannin ƙasashe. Ita na ɗauka, na roƙi a yi wa ranar haihuwar da ke jikin allo "ratify".

Kwana huɗu takarda ta dawo da hatimi, an amince. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin fayil ya yi irin wannan gudu ba. Har tsire na saya wa gida.

Ƙanwata, malamar Turanci ce a sakandare, ta karɓi kwafin tana cin tsiren. Ta karanta, ta ƙware, sai da aka ba ta ruwa.

"Yaya, ka san abin da ka roƙa kuwa?"

Ta ce "rectify" daga Latin ta fito, daga "rectus", wato miƙaƙƙe. Miƙe abin da ya karkace ke nan, kuskure ko matsala ko lissafin da ya kauce. Ba a yi wa mutum ita. Ɗalibi in ya yi kure, "correct" ake yi masa. "Ratify" kuma tabbatarwa ce, irin wadda ƙasa ke yi wa yarjejeniya don ta zama doka a kanta.

"Cewa ka yi 1897 ɗin daidai ne, su buga hatimi. Su kuma ba su yi maka rowa ba."

Washegari da sassafe ina ofishin darakta. Ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna kujera.

"Zauna, Baba. Tsayuwa ba ta kamaci mai shekarunka ba."

"Ranka ya daɗe, kuskure ne."

"Na farkon namu ne, na biyun da sa hannunka."

Ya ce tunda abu ya sha hatimi, sai na kawo takardar rantsuwa daga kotu, in sake wani koken. Na koma wurin akawu. Ya ce yanzu zance ya wuce waccan kalmar, takarda ce ta hukuma za a sauya wa rubutu, don haka "amend" zan sa. Na jira ya haɗiye goronsa tas, na miƙa masa biro da tafin hannuna.

Wata na biyar ke nan fayil ɗin bai motsa ba. Masinjanmu yanzu har ƙasa yake durƙusa mini, jiya kuma mai shayin bakin ƙofa ya ƙi karɓar kuɗina, wai in dai ba shi labarin yadda ganuwa take kafin ta zube.