Su Wane da Wane na Ofishinmu

Kamfanin Gallup na Amurka ya daɗe yana bin ma'aikata da tambayoyi goma sha biyu, wai don ya gane wanda ya zo aiki da zuciyarsa da wanda gangar jiki kawai ya kawo. A ƙididdigarsa ta duniya ta shekarar 2023, kashi 23 cikin ɗari ne suka faɗa sahun farko. Cikin tambayoyin har da mai neman sanin ko kana da amini a wurin aikinka. Da na ji haka sai na ce ai da sun zo ofishinmu da sun huta da ɓarnar takarda. Su yini ɗaya a kan bencin masinja, za su ga kowa da irin igiyar da ta ɗaure shi a nan.

Ga Malam Mu-ne. Shi ba ya cewa "sun sayi janareto", sai dai "mun sayi janareto", kai ka ce da kuɗin gonarsa aka biya. Yana riga mai shara zuwa, kuma katin shaidar aiki ba ya barin wuyansa ko a wurin ɗaurin aure. Shekara shida ke nan ba a yi masa ƙarin girma ba, amma ka zagi ofis a gabansa ka ga yadda jijiyar wuya ke tashi. Ranar da aka raba kalandar sabuwar shekara aka tsallake teburinsa bisa kuskure, kwana uku bai amsa gaisuwar kowa da kyau ba.

Kishiyarsa shi ne Mai Hula. Ƙarfe takwas ya sa hannu a rajista, ya ajiye hula da tabarau a kan tebur, ya buɗe fayil ɗaya, shi ke nan sai kasuwa, inda yake da shagon atamfa. Hular ce ke aikin gwamnati. A 2022 Turawa suka yi ta surutu a TikTok kan ma'aikacin da ya bar aiki a zuci bai ajiye takarda ba, kamar sun gano sabon abu. Sai dai fa in aka yi wa wani rasuwa a ofis, Mai Hula ne na farko a bakin mota, shi ke tara kuɗin mai, shi ya san hanyar ƙauyen. Aikin ne bai dame shi ba, mutanen kuwa nasa ne.

Hajiya Uwar Adashe kuwa, a takarda akawu ce, amma a zahiri ita ce shugabar sashen kula da ma'aikata. Littafinta ya fi na ofis tsari. Ta san wanda matarsa ta kusa haihuwa, da wanda kuɗin haya ya shaƙe, da wanda ya kamata a ba kwasar wannan wata ko da ba layinsa ba ne. Ita ke fitar da anko, ita ke yanke gudummawa. In ta ce maka, "Ɗan nan, ban ga sunanka a zubi ba," to, an karɓe ka ke nan. Takardar kama aiki shaida ce kawai. Na san mutum biyu da suka ƙi canjin wurin aiki mai tsoka don kwasarsu saura wata uku.

Akwai Sarkin Ƙorafi, wanda tun ina sabon zuwa yake cewa bana zai ajiye aikin nan. Lif ya lalace, shi ya faɗa. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu saba'in a 2024, ya ce ko buhun shinkafa bai saya ba, kuma a nan ban iya musa masa ba. Wata rana aka cire shi daga zauren WhatsApp na ofis saboda yawan mita. Kafin azahar ya aiko manzanni uku a yi masa biko.

'Yan fadan Oga ba sai na daɗe a kansu ba. Suna fara dariya tun bai kai ƙarshen labari ba, in an canza Oga kuma dariyar ta bi sabon.

Shi Ogan ma abin tausayi ne. Ya je bita ta kwana uku a wani otal, ya dawo da kalmar "mu duka iyali ɗaya ne", ya sa aka buga riguna masu tambari. A bitar aka ba su labarin masana'antar Hawthorne da ke kusa da Shikago, inda tsakanin 1924 da 1932 masu bincike suka ƙara wa ma'aikata hasken fitila aiki ya ƙaru, suka rage hasken aikin bai faɗi ba, har aka ce kulawar da aka nuna musu ce ta yi tasiri. Darasin da Oga ya ɗauko shi ne rage kwan fitila. Har yau kuma direbansa na shekara tara sunansa "Kai".

Wanda ya fi ba ni tausayi ɗan bautar ƙasa ne. Wata biyu yana rakuɓe a kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa, sunansa Kofa, aikinsa sayo ƙosai da gyara firinta. Rannan ana cin ɗanwake a bayan kabad, Mai Hula ya ɗago kai ya ce, "Kofa, wanke hannu mana." Washegari yaron nan ya riga Malam Mu-ne zuwa.

Sai Baba Mai Ritaya. Ya cika shekara 35 yana aiki, aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango da darduma, aka yi hotuna. Litinin da ta biyo baya sai ga shi da jaridarsa, wai ya zo bin takardun fansho. Shekara biyu ke nan yana bin su, ko da yake kowa ya san ba a hawanmu ake yin su ba. Yakan zauna kusa da tsohon teburinsa, ya gyara wa magajinsa rubutun wasiƙa, ya ja mu sallar azahar. Makon jiya bai zo ba ranar Talata. Kafin la'asar Hajiya ta tura Kofa gidansa da lemo a leda, a dubo ko lafiya.