Na'urar Auna Ruwa Ma Tana Son Wanka

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki: ido ba mudu ba, amma ya san kima. Wai mene ne na sayo na'ura daga waje don ta gaya mana ruwa ya gurɓace, alhali ko yaro ya leƙa Kogin Challawa a watan Agusta ya san jar laka ce ke tafiya? Kuma wai na'urar sai an yi mata wanka, an yi mata saiti, har an rubuta a littafi! Ku gama dariyarku, Malam, ba sauri nake ba.

Laka mai yawa kam ido ya isa. Rigimar tana can ƙasa, inda ido ya sallama. Ma'aunin duhun ruwa sunansa NTU. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son ruwan da za a zuba wa kulorin ya kasance ƙasa da 1, ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya kuma ta tsaya a 5. Ido kuwa ba ya fara ganin hazo-hazo a kofi sai ruwa ya kai wajen 4. Ke nan mai 0.3 da mai 2 duk garau suke a wurinku, ko da tabarau biyu kuka ɗora. Ƙwayar cuta ce ta san bambancin, domin a jikin ɓarɓashin da ke cikin ruwan take maƙalewa, kulorin ya zo ya wuce bai same ta ba.

Kuna raina ƙaramar lamba ko? A 1993, a birnin Milwaukee na Amurka, ruwan ɗaya daga cikin matatun garin ya hau zuwa 1.7 kacal. Wata ƙwayar cuta mai taurin kai, wadda kulorin ɗin famfo bai cika yi mata komai ba, ta tsallake rariyar matata ta shiga gidaje. An ƙiyasta mutum 403,000 ne suka kwanta da gudawa.

Yanzu ga ɗaya ɓangarenku, masu cewa, "To ai mun sayi na'urar, sabuwa fil muka zare ta daga kwali, me kuma ake nema?" Ku ne ma kuka fi ba ni tsoro. Na'urar nan ba aljani ba ce. Haske take cillawa cikin ruwa, wani ɗan ido da ke gefe, a kusurwa 90, yana auna hasken da ɓarɓashi ya watso masa. Duk abin da ya tsaya a gaban gilashin, lissafa shi za ta yi: gansakuka, yauƙi, laka, kumfar iska, har shatin yatsan ma'aikacin da ya ci ƙosai ya ɗauki kwalbar gwaji. Wani dattin ya sa lamba ta hau, a yi ta antaya alif a banza. Wani kuma ya dushe hasken, lamba ta sauka, kowa ya koma barci. Kuma ba ta in-ina in tana ƙarya, lambar za ta fito tsaf har da ɗigo.

Wankan ba wuya. Tsumma mai laushi da tataccen ruwa, shi ke nan. Ban da soson ƙarfe, ban da yashi, Hajiya, mun san ƙwazonki amma gilashin da ya karce ya gama aiki. Wasu na'urorin da ke kwana cikin kogi suna da ɗan magogi da ke share kansu, sai dai robarsa ma tana cinyewa. Ƙwararru kan rubuta lambar da ta nuna kafin wanka da wadda ta nuna bayansa, don a san iyakar ƙaryar da datti ya sa ta yi.

Saiti kuwa, tunda ku kuka kawo zancen mudu: mudun da aka bubbuge wa gindi yana nan da sunansa mudu, ba ka gane ha'incinsa sai ka jera shi da na gaskiya. Na gaskiyar a nan wani farin ruwa ne mai suna fomazin, wanda ake haɗawa a kan 4,000 sannan a tsinka shi zuwa lambobin da aka sani. A fara da ruwa mai tsabta, a bi da na 20, na 100, na 800, gwargwadon abin da kamfanin ya ce, galibi duk wata uku. A juya kwalbar a hankali, kada a girgiza, kumfa za ta ɓata lissafi. Wanda aka tsinka sosai ba ya jure ajiya, wanda aka sayo a haɗe kuma yana da ranar lalacewa, ga zafinmu ba ya raga masa. Masu kwaɗayi, ba na kaiwa baki ba ne.

Saura Baba da ke can baya yana cewa kakanninmu ruwan tafki suka sha har suka ga jikoki. Haka ne, Baba. Amma su suka jefa alif a tulu, su suka daka ƙwayar zogale don laka ta kwanta, su suka rufe randa da faifai. Da sun samu na'urar nan, da ba su bar gansakuka ta cinye ta ba.

Don haka in kuna da ɗan'uwa mai gidan fiya wata, ko mai aiki a matatar ruwa, ku daina tambayarsa ko suna da na'ura. Ku ce ya buɗe littafi ya nuna muku ranar da aka yi mata saiti na ƙarshe. In ya fara sosa ƙeya, ku tafasa ruwanku.