Bazazzage Ya Tafi Landan Shan Rana

Zuwa ga bawana Bazazzage, wanda ya ƙetare teku ba da izinin ubangidansa ba.

Bayan gaisuwa irin wadda na gaba ke yi wa na baya, hotunanka suna isowa ta WhatsApp safe da yamma, har wayata ta fara kukan cika. Na ga wanda ka ɗauka a gindin agogon Big Ben, ka karkata hula kamar kai ka ba da kwangilar ginin. Na ga na bakin kogi, na ga na jar bas mai hawa biyu. Duk na yi shiru, don na san halin wanda bai saba ba. Wanda ya sa na ture littafin lissafin shago na ɗauki biro shi ne na filin shaƙatawa na Hyde Park. Ga ka nan a kishingiɗe kan kujerar zane, rana tsaka, da babbar riga da 'yar ciki, ka lumshe ido, a ƙasan hoton kuma ka rubuta da hannunka wai kana shan rana.

Shan rana, Malam? Tun da muka taso, in aka ce wane ya sha rana, sannu ake yi masa, a miƙo masa ruwa a moɗa. Ɗan dako ne ke shan rana, da mai tura ruwa, da mai jiran mota a Kwanar Dangora. Kai kuwa ka sayi fam a kan kusan naira dubu biyu kowane ɗaya, ka biya kuɗin biza, ka biya na jirgi, don ka je ka sha abin da muke gudu kyauta. Kuma dubi lokacin da ka zaɓa: watan Yuli, damina ta zauna, Zariya ta yi kore shar, gari ya yi luf, an fara gasa sabuwar masara a bakin titin Samaru. Ka bar wannan ni'ima ka bi zafi har gidansu.

Ban ga laifin Turawan ba, su suna da hujja. A watan Disamba rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, yinin ma bai cika awa takwas ba, shi ɗin ma yawanci a cikin hazo da yayyafi. Mutumin da ya yi wata biyar a haka, ranar da ya ga hasken rana dole ya yi mata irin tarbar da ake yi wa mahajjaci. Shi ya sa da zarar ta leƙo za ka ga an bar ofis da abincin rana a hannu, an baje a ciyawa, wasu sun tuɓe riga, fatar ta yi ja kamar tattasai, suna murna. Mai yunwa ne ya ga tuwo. Kai wace yunwar rana ce ta kama ka, kai da aka haifa a bayan ganuwar Zazzau?

Da na bincika kuma, ashe kujerar ma ta haya ce. Kana zama, sai ga ma'aikaci da 'yar na'urarsa ya zo karɓar kuɗin awa. A nan kam na sara wa Bature, sarawar ɗan kasuwa ga ɗan kasuwa. Rana ta Allah ce, ciyawa ta hukuma, shi kujera kawai ya ajiye, kuma ya samu Bazazzage ya biya. Shekarata nawa a Kantin Kwari, dabarar nan ba ta taɓa faɗo mini ba. Da ina da masu saye irinka guda ɗari, da watan Afrilu kaɗai ya ishe ni sayen gida a Nasarawa.

Ka kuma turo mini murya kana haki, wai ana zafi, ma'auni ya kai 30. Talatin! A Kano in ya sauko 30 a bazara, cewa muke yau gari da sauƙi. Zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar tasu shi ne digiri 40.3, ranar 19 ga Yuli, 2022, kuma ƙasar kusan tsayawa ta yi: aka yi shelar gargaɗi mafi girma, jiragen ƙasa suka rage gudu don kada dogo ya lanƙwashe, wasu aka soke su ɗungurum. A irin wannan ma'aunin mu muke sauke dilar atamfa a ƙarƙashin kwano, wani lokacin ma da azumi a baki. Amma zan yi maka adalci sau ɗaya, kada ka saba. An gina gidajensu ne don su riƙe ɗumi, ba fanka a sama, ba tsakar gida, ba zauren da iska ke ratsawa. Jirgin ƙarƙashin ƙasan da suke taƙama da shi tun 1863 kuwa, layukansa masu zurfi irin Central ba na'urar sanyi. Na hango ka a ciki, an matse ka tsakanin mutum biyu, shadda ta jiƙe sharkaf, kana riƙe da ƙarfe kana salati a zuci. Ka gane ke nan tanda ba a gidan mai gurasa kaɗai take ba.

Tunda gurasa ta shigo, mu je ga ciki, don a nan labarin yake.

Kilishin da na sayo maka a Agadasawa, na naɗe shi da kyau saboda tausayi, na ji an karɓe a filin jirgi. Doka ce, ba a shiga musu da nama daga ƙasashenmu, kuma da ka tambayi Bakano da ya gaya maka, don mu mun san ƙa'idar kowace iyaka. Sai dai abin da ya ba ni dariya, an ce ko gezau ba ka yi ba da aka ɗauke kilishin. Hankalinka duk yana kan ƙullin tsakin da uwargida ta cusa maka a ƙasan akwati. Da aka bar maka shi, har godiya ka yi da Turancin Jami'ar Ahmadu Bello. Allah Sarki, Bazazzage da fate.

Kwana uku ka yi kana hura hanci a gaban abincinsu. Aka kawo maka kifi da dankali, abincin da suke ji da shi, ka juya kifin ka ga an lulluɓe shi da ƙullu an soya, ba yaji, ba albasa, sai gishiri da wani ruwan tsami. Ka nemi barkono, aka miƙo maka masoro a 'yar kwalba. Har ka fara tunanin gida, sai idonka ya faɗa kan ɗan kwanon da ke gefe: koren wake ne da aka dafa ya yi lugub, aka dame shi ya yi kauri. Wanda ya ba ni labari ya rantse sai da ka yi ƙwalla. Ka ɗaga cokali ka ce, "Ashe su ma suna yi!" Tun daga ranar ka daina kushe Turawa. Ka samo dangi. Da safe kuma ka gano suna dama hatsin oat da madara su sha da cokali, ka ce lallai mutanen nan akwai asali. Ni dai ban yi mamaki ba. Na daɗe ina zargin akwai abin da ya haɗa ku, don ku biyun ne kuke ɗaukar abinci marar ƙashi ku mai da shi abin alfahari.

Daren da ka fi yabawa shi ne na titin Edgware, unguwar da Larabawa suka cika da gidajen abinci, inda ake jera tebura a waje lokacin zafi, hayaƙin shisha na tashi, masu kuɗin ƙasashen Larabawa da suka gudo wa tasu bazarar suna zagayawa da motocin da suka yo jigilarsu daga gida. Su kam sun san abin da suke yi, zafin digiri 45 suka baro. Ka rubuto mini shafi guda kan wani burodi faffaɗa mai laushi da aka kawo da gasasshen nama, wai ba ka taɓa cin irinsa ba. Na ƙura wa hoton ido. Malam, gurasa ce. Gurasar da ka shekara talatin kana yi mini gori a kanta, kana kirana ɗan bandashe. A Jakara da kuɗin wannan faranti ɗaya sai a cika maka kwando, a barbaɗa ƙuli da yaji, a yayyafa man gyaɗa, a yi maka gyara. Can kuwa da takardar kuɗi ta zo, ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima, ka zaci kuskure ne, ka tsaya za ka yi ciniki. Ciniki gadonmu ne, ku bar mana. Bazazzage in ya ce a rage, da nahawu yake faɗa, shi ya sa ba a rage masa.

Tsiren Peckham ba zan daɗe a kansa ba. Unguwar 'yan Najeriya ce, na sani, kuma sun yi ƙoƙari. Amma tsiren da aka zuba a robar da ke da murfi, aka haɗo da cokali mai yatsu, ba takarda, ba mai tsire da zai yanko maka ɗanɗano, wannan sunansa nama kawai.

Sai batun dare, ko in ce rashinsa. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da minti ashirin, ta kuma fito kafin biyar na asuba. Kai da ka saba cin tuwo bayan magariba ka kwanta bayan isha, ka zauna kana jiran duhu kamar mai jiran albashi. Ka je babban masallacin Regent's Park ka yi magariba a lokacin da a Tudun Wada an rufe ƙofa, ka dawo, kafin ka gama hamma isha ta yi wajen sha ɗaya, kafin ka juya sau biyu alfijir ya keto. Ka gode Allah ba a 2016 ka je ba, lokacin da azumi ya faɗo a Yuni, mutanen can suka riƙa kai awa goma sha takwas da ɗoriya. Da yanzu muna karɓar gaisuwa.

Wajen kallo ma ba ka bar abin faɗa ba. Ka bi layin gasar tanis ta Wimbledon tun asuba, inda wasu har kwana suke a tanti don samun tikiti, ka shiga ka tarar da mutum biyu cikin fararen kaya suna mayar wa juna ƙwallo, dubban mutane sun yi tsit, alƙali na roƙon a yi shiru. Ba kalangu, ba kirari, ba mai zuga. Ka zo gidan damben Ado Bayero Square ka ga yadda ake kallo. Daga nan ka wuce zauren Royal Albert, wajen kaɗe-kaɗen Proms da suke yi duk bazara tun 1895, ka sayi tikitin tsaye mai araha. Masu goge sun fi hamsin, ba mai waƙa ko ɗaya. Da suka ɗan tsagaita, ka ɗauka an gama, ka rafka tafi kai kaɗai, har ka laluba aljihu za ka yi liƙi. Bikin Notting Hill na ƙarshen Agusta kuwa, na mutanen Karebiyan, shawarata ka dawo kafin a fara. Shigar da ake yi a wurin ta fi ƙarfin almajirin Zazzau, kuma ba ni da kuɗin rubutun da za a wanke maka ido da shi.

Wuri ɗaya ne na tabbata ka ji kamar a gida: kusurwar masu jawabi da ke Hyde Park, inda duk Lahadi kowa ke iya hawa ɗan akwati ya yi ta surutu, jama'a na yi masa gardama. An ce ka yi awa uku a wurin. Ƙasar da ta keɓe fili musamman don musu, ai ta gama wa Bazazzage komai. Fatana dai da Turanci ka yi, don in da Hausarku ce, da ka ce "matana ya ce in gaishe ku" sai an nemo tafinta na biyu.

Yanzu matso kusa, kada sauran Zagezagi su ji. Filin nan ya tsaya mini a rai. Eka 350 a tsakiyar birnin da taƙin ƙasa ya fi zinariya tsada, an bar shi ciyawa da itatuwa da tafki, shiga kyauta, mai kuɗi da talaka kowa ya shimfiɗa mayafinsa, yara na gudu, tsofaffi na jefa wa agwagi abinci. Kuma irinsa takwas ne a ƙarƙashin masarauta, ban da ƙanana. Na kwana ina lissafin shago nawa zai ɗauka, na kai dubu goma sha, sai kunya ta kama ni, don na san da a Kano yake da tuni mun yanka shi, mun sa masa suna plaza. Da yamma in na so fita da yara, sai dai mu zaga kanti mu sha askirim a mota. In ka maimaita wannan magana a majalisa, zan ce ban san ka ba.

Na ji za ka dawo ta Alƙahira ranar Alhamis. Ka ga wani abin: tun 1964 kuke da makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, kuna yaye matuƙa, amma in za ku hau na gaske sai kun zo garinmu, inda jirgi ya sauka tun 1925. Zan turo yaro ya ɗauko ka. Tsarabata turare, da takalmi lamba 43, kuma kada ka saya ranar Lahadi da yamma, don manyan kantunansu awa shida kawai doka ta ba su a ranar, wani abin da har yau na kasa fahimta. Na sa an ajiye maka kujera a tsakar gida, daidai inda ba inuwa. Awar farko kyauta ce, saboda zumunci.

Ubangidanka,
Bakano.