Jinjina ga Jaruman da Suka Fice daga Zaure

Sai a tafa wa 'yan majalisar dokokin Gana na jam'iyyar NPP mai mulki a lokacin, domin sun koya wa Afirka yadda ake riƙe magana. Ranar 25 ga Oktoban 2022 suka tara 'yan jarida a Akra, Andy Appiah-Kubi ne bakinsu, suka ce su wajen 80 tura ta kai su bango: ko Shugaba Nana Akufo-Addo ya sallami ministan kuɗi Ken Ofori-Atta, ko a karanta kasafin kuɗi babu su. Maza ke nan! Ba a rufa mako ba shugaban ƙasa ya gana da su, suka fito cike da ladabi, suka ce a bar minista ya gama magana da IMF tukuna. Tarbiyya ta yi rana. Ɗan halak ba ya ja da na gaba, balle ministan ɗan'uwan shugaban ƙasa ne.

Da Haruna Iddrisu, jagoran marasa rinjaye, ya kawo ƙudurin yanke ƙauna ga ministan, sai ƙa'ida ta nuna kyawunta. Kakaki Alban Bagbin ya kafa kwamitin mutum 8, kowane ɓangare 4, shugabanni biyu, K.T. Hammond da Dominic Ayine, don kada wani ya ji an fi shi. Aka yi ta zama a gaban talabijin, aka dawo da rahoton da bai ce a kore shi ba, bai ce a bar shi ba. Ina aka taɓa ganin adalci irin wannan?

Ranar 8 ga Disamba aka zo jefa ƙuri'a, ta sirri kuwa, inda babu mai leƙa hannun wani. Duk wanda ya yi rantsuwa a Oktoba ga dama ta samu, ba shugaban ƙasa, ba bulaliyar jam'iyya, daga shi sai takarda. Nan jarumanmu suka nuna kawaici: jagoran masu rinjaye Osei Kyei-Mensah-Bonsu ya miƙe, suka bi shi ɗuu suka fice, kujeru suka rage wayam. Ƙuri'a 136 aka samu, sashe na 82 na tsarin mulkin 1992 kuwa kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa 275 yake nema. Madalla da wanda ya san zuciyarsa, ya gudu kafin ta sa shi faɗin gaskiya.

Su ma talakawa sai su gode. A watan nan hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai sayar da waake a Nima ta rage ludayi ta ƙara kuɗi, mai shiga motar haya ta trotro yana ƙirga sidi a tafin hannu yana sake ƙirgawa, amma ai hankalinsu ya kwanta, tunda ba a taka ko layi ɗaya na dokokin zaure ba. Kafin shekarar ta fita gwamnati ta dakatar da biyan akasarin bashin waje. A Fabrairun 2023 tsofaffin da suka zuba guminsu a takardun lamunin gwamnati suka zauna da kwalaye a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar jojin ƙasa Sophia Akuffo. Sun sha iska, sun ga gari, albarkacin wakilansu.

Kada a bar NDC, jam'iyyar marasa rinjaye, ba yabo. Jam'iyyar ta umarci 'ya'yanta su ƙi sabbin ministocin Akufo-Addo, a Maris na 2023 aka yi ƙuri'ar sirri, ministocin suka tsallake kaf. Zumunci a zauren nan ba ya tambayar tuta.

Ofori-Atta ya ci gaba da riƙe baitulmali har 14 ga Fabrairun 2024, ranar da shugaban ƙasa ya ga damar sauke shi don kansa, zaɓe saura wata 10.