Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Uwargida Jitar Ƙarfe Mai Feda

Zuwa ga Uwargida Jitar Ƙarfe Mai Feda,
haifaffiyar tsibiran Hawai, mazauniyar birnin Nashville, Amurka.

Tare da fatan ƙafafun Uwargida huɗu suna tsaye daram, kuma tsirkiyoyinta goma babu wadda ta tsinke tun daren jiya, masu wannan takarda, waɗanda su ne jama'ar da rabo ke zaunarwa a sahun gaba daidai saitin lasifika, suna neman izinin gabatar da koke game da siririn amon da ke fitowa daga tsirkiyoyinta na sama, wanda masana ke yaba wa haskensa, masu kunnuwa kuma ke komawa gida da shi yana yi musu kuwwa har asuba.

Masu koken sun san asalin wadda suke magana da ita, domin tarihi ya nuna cewa wajen shekarar 1889 wani saurayi ɗan Hawai mai suna Joseph Kekuku ya kwantar da jita a cinya, ya daina danna tsirkiya da yatsu, ya koma zamar da ƙarfe a kanta, sai sauti ya riƙa sulalewa daga mataki zuwa mataki kamar yadda yake yi a hannun mai goge. Bikin baje kolin San Francisco na 1915 ya yaɗa wannan salo a Amurka, kamfanin Rickenbacker ya haɗa shi da lantarki a farkon shekarun 1930 cikin wata jita da aka yi wa laƙabi da kaskon suya saboda siffarta, sannan a 1953 Bud Isaacs ya taka feda alhali tsirkiya tana cikin kuka, a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, wanda daga nan ne Uwargida ta zama abin da take a yau, wato tebur mai tsirkiyoyi da fedoji a ƙasa da wasu ƙarafa da ake turawa da gwiwa, mai kaɗa ta kuwa yana zaune ya sunkuyar da kai kamar tela a kan keken ɗinki ranar jajibirin salla.

Asalin ƙarar yana wuyan tsirkiya ta uku a tsarin ɗaurin da ake kira E9, wanda shi ne ɗaurin da aka fi kaɗa waƙoƙin karkarar Amurka da shi. Kaurin wannan tsirkiya inci 0.011 ne, abin da bai kai sulusin milimita ba, tana girgiza sau 415 a daƙiƙa, idan an taka feda kuma a ƙara ja mata wuya har ta kai 440, shi ya sa ta fi 'yan uwanta yawan tsinkewa da yawan ƙorafi. Kowace tsirkiya idan aka taɓa ta, bayan amonta na asali takan haifi 'ya'yan amo waɗanda girgizarsu ninki biyu ce ko uku ko huɗu na uwar, kuma ɗan wannan tsirkiya mai ninki bakwai yana sauka ne kusa da girgiza 2,900. Ramin kunnen ɗan Adam, saboda tsawonsa, yana ƙara wa amon da ke kusa da 3,000 ƙarfi, kuma binciken da Fletcher da Munson suka wallafa a 1933 ya nuna cewa a wannan yanki ne kunne ya fi saurin ji. Ke nan Uwargida ta zaɓi wurin da fata ta fi laushi ta kafa allurarta, lamarin da masu koken ba sa ɗauka a matsayin tsautsayi.

Da aka fara bincike, sai aka tarar gidan Uwargida gida ne na tura laifi, inda kowa ya taka nasa tudun yana hango na wani. Tsirkiya ta ce faratan ƙarfe biyu da makaɗi ke sanyawa a yatsu su ne ke tsokanarta, faratan suka ce hannun da ke ɗauke da su shi ne ya maƙale a gindin tsirkiya, kuma a nan suna da gaskiya, domin taɓa tsirkiya kusa da maɗaurinta yana tayar da 'ya'yan amo na sama, matsar da hannu inci biyu ko uku zuwa tsakiya kuwa yana kwantar da da yawa daga cikinsu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Hannun hagu ma ba shi da tsarki, saboda idan yatsun da ke bayan sandar ƙarfen da ake zamarwa ba su kwanta a kan tsirkiyoyi ba, ragowar tsirkiyar da ke baya takan yi nata tsegumin a ɓoye. Wasu makaɗa, don gudun tuhumar hannunsu, sukan sauya tsirkiyoyin ƙarfen da ba ya tsatsa da na nikel masu laushin amo, sai dai wannan sauyi yana shafar masu kaurin da aka naɗe da waya ne kawai, ita kuwa ta uku tsirara take ba naɗi, don haka an hukunta bayin Allah an bar mai laifi tana dariya.

Mai bi musu a jerin waɗanda ake zargi shi ne kunnen maganaɗisu, wato dunƙulen maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka ajiye ƙarƙashin tsirkiyoyi don ya mai da girgizarsu lantarki. Magina sun daɗe da sanin halin Uwargida, shi ya sa suke yi wa nata naɗi mai yawa har juriyarsa ga lantarki ta kai om 17,000 ko fiye, alhali na jitar Stratocaster yana wajen 6,000, domin yawan naɗi yana sauko da tsinin amo ƙasa. Idan aka ɗaga wannan kunne ya kusanci tsirkiyoyi ƙwarai, yakan kwashe duk wata magana har da wadda ba a so, kuma maganinsa juya noti ne kaɗan a ɓangaren sirara. Daga nan lantarkin yakan bi ta fedar ƙara da rage murya, wadda irin ta dā mai juriyar om 500,000 takan ɗan shanye kaifi a hanya, irin ta zamani mai aiki da wuta kuwa amintacciyar 'yar aike ce da ke isar da saƙo yadda aka ba ta, ko da zagi ne. Hatta igiyar da ke haɗa kayan tana da hannu, domin doguwa takan rage amon sama, gajera mai tsada kuma takan bar shi ya wuce, abin da ya sa mutum kan biya kuɗi mai yawa ya sayo wa maƙwabtansa ciwon kai.

A ƙarshen hanya akwai amfilifaya da lasifikarta. Kamfanin Peavey na jihar Mississippi ya ƙera wa Uwargida akwatuna na musamman irin su Session 400 da Nashville 400, masu maɓallin zaɓar amon tsakiya da za a rage, kuma al'adar makaɗa ita ce su rage yankin da ke kusa da girgiza 800 don kawar da amon hanci. Wanda ya zarce wajen ragewa yakan kwashe naman ya bar ƙashi, sai siririn amo ya tsaya shi kaɗai ba sutura. Babban zaluncin kuwa yana ga lasifika mai faɗin inci 15, domin amo mai kauri yana bazuwa ko'ina cikin ɗaki, siriri kuma yana fita a miƙe kamar hasken tocila. Makaɗin da ya ajiye akwatin a ƙasa yana kallon ƙaurinsa ba ya jin abin da yake aikawa, sai ya ƙara murɗa maɓallin kaifi yana murmushi, su kuwa na sahun gaba suna karɓar rabon da ba su roƙa ba.

Adalci ya wajabta a ambaci hujjar Uwargida. Da wannan kaifin ne Ralph Mooney da Tom Brumley suka gina amon garin Bakersfield na jihar Kalifoniya, kuma kukan da Brumley ya sa ta yi a waƙar Buck Owens mai suna Together Again a 1964 har yau ana koyar da shi. Da shi ne Demola Adepoju ya samo mata hanya tsakanin gangunan ƙungiyar King Sunny Ade a Legas, inda mai sanyin murya ba zai ji kansa ba. Haka nan masu sauraron Don Williams a rediyo sun ji yadda Lloyd Green ya lallashe ta ta yi magana a hankali, hasken yana nan amma ba ya suka. Makaɗin da ya toshe amon sama gaba ɗaya a ɗakinsa yakan ji daɗi shi kaɗai, amma ranar da ya hau dandamali tare da ganga da jita da mawaƙi, sai a ga hannunsa yana motsi ba a jin komai, garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka masu koken ba sa neman a cire wa Uwargida harshe, roƙonsu dai ta umarci masu yi mata hidima su bi gyara daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada. A fara da matsar da hannun dama da sassauta ƙarfin farce, a bi da kwantar da yatsun hagu, a sauke kunnen maganaɗisu kaɗan, a mayar da wani abu na amon tsakiya kafin a taɓa na sama, sannan a ɗora amfilifaya a kan kujera a juya ta ta fuskanci kunnen makaɗin kansa, domin wanda ya ɗebo da zafi bakinsa ya kamata ya fara ƙonawa. Sai an gama waɗannan duka ba a dace ba ne za a halatta masa zuwa kasuwa.

Idan Uwargida ta amince, masu wannan takarda sun yi alkawarin cire audugar da suka saba cusawa a kunne, su ci gaba da sayen tikitin sahun gaba. Idan kuma ta ƙi, za su koma sahun baya kusa da ƙofa, su bar kujerunsu ga surukan makaɗin.

Allah ya ja zamanin Uwargida, ya kiyaye tsirkiya ta uku daga tsinkewa a tsakiyar waƙa.

Daga masu biyayya,
jama'ar sahun gaba, saitin lasifika.