Bokitin nan ma baƙo ne

Jiya bayan La'asar muna zaune a ƙofar gida, yaro ya wuce da bokiti a ka, sai wani dattijon unguwarmu ya tsayar da shi: "Kai yaro, yaya sunan abin nan da Hausa?" Yaro ya ce bokiti. Baba ya ce ba Hausa ba ce. Nan fa musu ya kaure, har mai shayi ya bar tukunyarsa ya sa baki.

To, Baba ne da gaskiya. Turawan Ingila suka kawo kalmar, su suna cewa bucket. Mu kuwa bakinmu ba ya son kalma ta ƙare a tsaye babu wasali, sai muka ɗora mata "i" a wutsiya, muka yi mata jam'i irin namu, bokitai, ta zauna daram kamar a Tsohon Birnin Daura aka yanke mata cibiya. Zaman ma ya kai. Tun 1904 Turawa suka naɗa Malam Musa na Zango Sarkin Daura, ka ga ko daga nan ka fara ƙirga ai an haura shekara ɗari.

Abin dariya, su ma aro suka yi. Wajen ƙarni na 13 ta shiga bakinsu daga Faransancin Normandawan da suka ci Ingila a 1066. Ashe kayan aro aka ara mana. Kuma in Bature ya ce wane ya shure bokiti, kada ka tashi neman tsumma, mutuwa yake nufi. Da Baba ya faɗi haka, mai shayi ya ce, "Allah ya kyauta, Baba, ni kullum sai na shure nawa."

Amma mu Daurawa mun raba wa kowa aikinsa. Guga shi ke shiga rijiya, bokiti yana bakinta yana jira. A labarin Bayajida, da tsohuwa Ayana ta gaya masa ba a ɗiban ruwan rijiyar Kusugu sai ran Juma'a saboda macijiya, guga ya roƙa ta ba shi. Yanzu ka ji ɗan boko yana ba baƙi labarin da Turanci, duk ya mai da gugan bokiti. Kunya nake ji wallahi. Karin magana ma ta san nata: rijiya ta bayar, guga ya hana. Ka taɓa jin an ce bokiti ya hana?

Sai dai a sauran wurare ya cinye gari. Shi ne na wanka, shi ne na kunun suna, shi ke riƙe mana layi a famfo tun asuba mu muna gida muna barci, kuma kowa ya san bokiti mutum ne, ba a tsallake shi. A kasuwa bokitin fenti ya zama mudu, da shi ake auna tumatir da tattasai. A biki kuwa, in mata ba su dawo da ɗan bokitin roba mai hoton amarya ba, sai ka ji ana cewa bikin bai yi armashi ba.

Baba dai ya sallami yaro, ya ce gobe ya zo da jarka, ita ma akwai magana a kanta.