Wasiƙa daga Mancesta: Bayani a kan Motar da Ke Ƙin Tashi in Ana Ruwa

Zuwa ga Kawu da mutanen gida, Ƙofar Kabuga, Kano.

Motar kwana bas ce da Turawan Ingila ke cire wa kujeru, su sa mata gado da murhu da 'yar kwabar kwanuka. Daga nan sai mutum mai gida da ɗakuna da ruwan zafi ya kulle gidansa, ya tafi daji ya kwana a cikinta da sunan hutu. Wadda ta fi suna ita ce Volkswagen Kombi, da Jamusawa suka fara ƙerawa a 1950, aka ci gaba da yin ta a Brazil har ƙarshen 2013. Kawu ya san danginta, domin ita ce asalin danfon Legas. A nan ana girmama ta don shekarunta: motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiya na shekara-shekara. Mai wannan wasiƙa ya mallaki ɗaya, ba daga cikin masu ƙyalli ba. Ranar da rana ta fito, taɓa makulli ɗaya take tashi. Ranar da aka kwana ana ruwa kuwa, ko sarki ne ya zo ba ta san shi ba.

Matsalar ba daga yawan ruwa take ba. In aka tara ruwan da ke sauka a Mancesta a shekara aka gwada da na Kano, tazarar ba ta da yawa. Bambancin yana wajen ladabi. Ruwan Kano yana sallama: hadari ya haɗo, iska ta taso, masu tebur su kwashe kaya, ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, rana ta busar da kowa. Na nan yayyafi ne marar sallama, ba ya zuwa balle ya tafi, ga hazo da raɓa suna taya shi. Ƙarfe ba ya samun ranar bushewa, kuma danshin nan shi ne abokin gabar tsohon inji.

Injin Kombi a baya yake, silinda huɗu, ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Kafofin da iskar ke shiga ta nan danshi ke bi. Kafin inji ya tashi sai abu uku sun cika: ya juya, wuta ta isa fulogi, mai ya isa silinda. Mai hankali yana bin su a jere. Wanda ya fara da kwance kafireta don ya ga wani ya yi, zai yini da sukurori a aljihu.

Aikin farko na kunne ne. In aka murɗa makulli aka ji "ƙas" kawai, ko inji ya yi gurnani da ƙyar, to zancen batir ne. Sanyi yana rage masa ƙarfi, kuma cikakken batir ya kamata ya nuna wajen bolt 12.6 a mita. Sai a duba kawunansa ko sun yi farin gari, a kankare, a ɗaure. A duba kuma wayar da ta haɗa giyabos da jikin mota, domin tsatsa na son wurin. Makulli yana gaba, sitata tana baya, saboda haka wutar na yin doguwar tafiya, tana zubewa a kowace mahaɗa mai tsatsa. Dabarar gida ta ƙwanƙwasa kan batir da dutse tana aiki a nan ma, sai dai dutsen ne ke wuyar samu, kuma maƙwabta na leƙe ta bayan labule.

In inji yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, galibi wuta ce ta ɓata, kuma nan ne gidan matsalar. Kwayil yana karɓar bolt 12 ya mayar da shi dubbai, ya tura wa distributa, ita kuma ta raba wa fulogi huɗu bisa tsarin 1-4-3-2. Wutar lantarki malalaciya ce, ba ta bin doguwar hanya in ta ga gajera. Da dare danshi yana taruwa a cikin murfin distributa da bayan wayoyi, ya haɗu da ƙura da maiƙo, ya buɗe mata hanya zuwa jikin inji. Sai ta bi can ta yi zamanta, fulogi yana jira.

Gwajin ba shi da wuya. A zare wayar tsakiya daga murfin, a riƙe ta da filaya mai hannun roba, a kusantar da bakinta da ƙarfen inji ba tare da ta taɓa ba, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara alamar lafiya ne, ja-ja mai rauni kuwa yana nuni ga kwayil ko kwantak ko kwandensa. Wanda ya riƙe wayar da jiƙaƙƙen hannu shi ma zai samu amsa, kuma unguwa za ta ji salati. Daga nan a ɓalle maƙalai biyun da ke riƙe da murfin, a goge cikinsa da busasshen tsumma, a ɗaga shi wajen haske. In an ga tsagewa, ko siririn baƙin layi daga wannan ƙarfe zuwa wancan, wuta ta riga ta share wa kanta hanya, kuma gogewa ba za ta mantar da ita ba, sai sabon murfi. Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7. Tsofaffin wayoyi ana kama su da dare: a tayar da inji a cikin duhu, za a ga shuɗin tartsatsi yana rawa a jikinsu.

Don busarwa, mutanen nan sun dogara da feshin WD-40, wanda ke kore ruwa nan take, amma yana kama ƙura, in aka mayar da shi abincin kullum sai ya haifar da abin da aka kira shi ya gyara. Na'urar busar da gashi ta fi shi tsabta, da sharaɗin a nemi izinin uwargida tukuna. Wayoyin fulogi kuma ɗaya-ɗaya ake cire su a mayar. In aka rikita tsarinsu, salansa za ta yi harbi, kuma a ƙasar nan ƙara irin wannan tana jawo baƙi masu kaki.

Na uku shi ne mai. In bayan mota yana warin fetur, direba ne ya yi ta famfa totur cikin fushi har fulogi ya jiƙe. Maganinsa a take totur har ƙasa, a riƙe shi a nan, a juya inji na ɗan lokaci, ko a kwance fulogi a busar. Tun Satumbar 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a Ingila shi ne E10, mai gaurayen etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan ruwa daga iska in mota ta daɗe a ajiye, yana kuma cin tsofaffin bututun roba, shi ya sa masu tsofaffin motoci ke biyan ƙari su sha E5. Zuƙo mai da baki ta tiyo ba a yinsa a nan, kuma babu abin da aka rasa.

Akwai wata cuta da bakaniken Kano zai yi wuya ya gamu da ita. Mota ta tashi lafiya, ta yi 'yar tafiya, ta mutu a mahaɗa, bayan mintuna ta sake tashi ba wanda ya taɓa ta. Ba aikin iskokai ba ne. Fetur in yana zama tururi a kafireta yana sanyaya ta, danshin iska ya daskare a maƙogwaronta ko da gari bai kai sanyin ƙanƙara ba. Jamusawa sun tanadi bututun da ke kawo mata ɗumi daga inji, sai dai a tsohuwar mota ko ya toshe, ko wani tsohon mai ita ya cire shi don bai ga amfaninsa ba.

In duk wannan ya gagara, saura turi: makulli a kunne, giya ta biyu, a taka kuloci, a saki in ta ɗauki gudu. A nan ne ɗan Kabuga ke gane ya bar gida. A titin Gwarzo, mota na tsayawa masana za su kewaye ta, kowa da fatawarsa, kuma da an ce "bayin Allah a taimaka" hannuwa sun sauka a bayanta. A Mancesta mai wucewa zai nuna alhini matuƙa, ya gyara lemarsa, ya wuce. Kakannin Turawan nan sun jawo igwa tun daga Zariya suka fasa Ƙofar Kabuga ranar 3 ga Fabrairu 1903, amma jikokin ba sa tura mota taku goma. Waya suke buga wa kamfanin agaji. Bakanike kuwa sai an nemi rana, kuma da awa yake caji, har da awar da ya yi yana kallon injin yana girgiza kai. Shi ya sa mai tsohuwar mota a nan in zai kama haya, gangaren titi yake fara dubawa kafin ɗaki.

Rigakafin bai wuce a sabunta murfi da wayoyi da fulogi kafin hunturu, a gyara robar da ta kewaye inji, a juya bayan motar daga inda iska ke kaɗawa, a kuma zagaya da ita duk mako har ta yi zafi. Masu hali suna cire kwantak su sa na'urar lantarki a madadinsa.

Game da saƙon Kawu cewa a turo mota gida, an duba wannan. A Kano za ta yi lafiya yawancin shekara, ba abin da zai dame ta sai Agusta da ƙurar hunturu, kuma tsakanin kasuwar Ƙofar Ruwa da masu gyaran wayar mota ba za ta rasa mai kula da ita ba. Cikas ɗin sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa ta bar tuƙi irin na Ingila tun 1972, don haka duk fasinjan da za ta sauke a Kabuga a tsakiyar titi zai diro. A gaida su Inna da yara. Wassalam.